Ƙaramin Huhu a Ƙafar Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ban ga ranar da zan manta da Talatar da na kusa ƙone mahaifiyata da hannuna a kan hanyar Parakou ba. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na buɗe tafin hannuna na dama zan yi alwala sai na ga tabon igiyar, dogo, tun daga gindin babban yatsa har wuyan hannu. Wani lokaci ina tsakiyar hira da dariya, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye kawai zai bugi hancina, sai dariyar ta yanke.

Mu 'yan goro ne. Kakannin kakanninmu da ayari suka zo Djougou, suka sauke kaya, ba su ƙara tashi ba. Tun rasuwar Baba Inna ce ke riƙe da sana'ar, yayana namiji yana taya ta da lodi da zirga-zirgar tasha, ni kuma da aurena ya mutu na dawo gida na kama tsinta da ɗauri. Akwai ɗaki guda can ƙuryar gidanmu, mai kaurin bango da duhu, shi ne ɗakin goro. Goro ba ya son zafi. Sai an shimfiɗa masa ɗanyen ganye a kwando, a jera shi, a lulluɓe, a naɗe da tsumman buhu, a ɗaure da igiya, wannan shi ne huhu. Safe da yamma kuma a yayyafa masa ruwa. A gidanmu duk abin da ya yi zafi ganye da ruwa ne maganinsa, ko zazzaɓi ne ya kama ni ina ƙarama jiƙaƙƙen zane Inna ke rufa mini. Kowane hannu kuma da irin ɗaurinsa. Ni nakan juya igiya sau biyu ta hagu kafin in ƙulle. Inna ta yi faɗa a kan wannan har ta gaji ta ƙyale ni, don ta ce taurin kaina a nono na sha, kuma ba nata ba.

Ana nan sai ga wani kamfani daga Parakou, ofishinsu a unguwar Ganou. Na ce kamfani ne don ban san wani sunan da zan ba shi ba. Ba irin wanda mutum ɗaya zai zauna ya kwashe riba ba ne, abin da aka samu cikin aikin yake komawa, kuma duk mai aiki tana da bakin magana ranar taro. Harkarsu batir. Suna da rumfunan sola, a cika batir da hasken rana, a kai wa matan ƙauyukan da wayar lantarki ba ta taɓa zuwa ba, ba ta kuma da niyyar zuwa. Mai ruwan sanyi ta kunna ɗan firijinta, mai ɗinki ta kunna kekenta, wata ta buɗe wurin cajin waya a zaurenta. In ya ƙare a kawo mata cikakke, a ɗauke wancan. Abin da ya ja ni gare su shi ne ba su tambayi takardar makaranta ba. Manyan masu sayar da sola da na sani, in ba ka iya faransanci ba ko ƙofarsu ba za ka wuce ba. Waɗannan kuwa mu suka zo nema, matan da allo kaɗai muka riƙe. Suka ba kowacce waya mai aiki da hoto da murya: ki danna kore in komai lafiya, ki danna ja in batir ya samu matsala. Wadda ta koya mana aikin wata 'yar Parakou ce, doguwa, mai gyaran lantarki, tana haɗa Hausa da Dendi da faransanci a jimla ɗaya. Kowa Madam yake ce mata.

Inna ba ta hana ni ba, amma ba ta yi murna ba. Ranar da na shigo gida da wayar ta dube ni ta ce, "'Yar nan, goro ne ya ciyar da ke har kika yi wayo, yau kuma akwatin Nasara ya fi shi?" Na ba ta amsar da bai kamata ba, na ce ai goro bai taɓa kunna wa kowa fitila ba. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Shekara biyu cur ban taɓa igiyar huhu ba, ita ma ba ta taɓa cewa in zo in taya ta ba.

Ni aka ba wa yankin Kolokondé, inda hanya ta fi ko'ina muni. In damina ta kankama sai ka rasa inda hanya ta ƙare, gonar doya ta fara. A wani taro da muka yi da damina an yi maganar cewa hanyar tana wahalar da batira, wasu suka kawo shawarar a dakatar da kai su can har kaka. Na miƙe tsaye a gaban kowa na buga ƙirji. Na ce matan Kolokondé ba su ne suka fasa hanyar ba, don me za a mayar da su duhu? Na ce muddin ni ce ke kaiwa ko ɗaya ba zai lalace ba. Aka tafa mini. Maza 'yan tasha da ke kirana injiniya ba boko ma labari ya kai musu, na riƙa wucewa ta gabansu ina ɗaga kai.

Ko sati uku ba a yi ba muka faɗi. Ina da mai babur da nake hawa kullum, zem muke ce musu a nan, wani dattijo mutumin Nijar, mai haƙuri, wanda ba ya gudu ko ana bin sa. Ranar Lahadi ce, an kwana ana ruwa, tayar baya ta zame a bakin wani kwazazzabo, mu da kaya duka muka kwanta a taɓo. Batir ɗaya ya bugi dutse. Na duba, kusurwarsa ce kawai ta ɗan lotsa. Na goge shi da bakin zanena na kai wa wata mai ɗinki kamar ba abin da ya faru. Washegari ta aiko a kira ni. Na tarar ta ajiye shi a tsakar gida tana kallonsa daga nesa. Ba a haɗa shi da komai ba, amma da na taɓa shi sai na ji zafi kamar tukunyar da aka sauke ɗazu, cikinsa kuma ya ɗan kumbura.

A nan ne ya kamata in danna ja. Wayar tana hannuna, har na ɗora yatsa. Sai na tuna ƙirjin da na buga, na tuna tafin da aka yi mini, na hango bakin 'yan tasha. Na kuma hango mai ɗinkin nan ta koma taka keke da ƙafar da ke mata ciwo. Na mayar da wayar jaka. Na ce a raina ranar Alhamis akwai taro a Parakou, zan ɗauki abina in kai wa Madam a ɓoye, in roƙe ta kada kowa ya ji. Batiran nan suna da wani ɗan abu a ciki da ke aika wa ofis labarin zafinsu da inda suke, in dai akwai rezo, wato sabis ɗin waya, a wurin. Na san da wannan. Na kuma san ɗakin goronmu ba ya kama rezo, don haka ba zan ce rashin sani ne ya kai ni can ba.

An koya mana haɗa waya da waya, an koya mana sharewa da jerawa, amma ba wanda ya taɓa faɗa mana abin da ke cikin akwatin batirin, mu ma ba mu tambaya ba. Ni a ganina rufaffen abu ne, me ruwa zai yi masa? Da la'asar, Inna ta fita gaisuwar rasuwa, na shiga ɗakin goro da shi. Wallahi ban zauna na yi tunani ba, hannuna ne ya yi aikinsa. Abu ya yi zafi, to me ake yi wa abin da ya yi zafi? Na jawo ƙaramin kwando, na shimfiɗa ɗanyen ganye, na kwantar da batir, na lulluɓe shi, na naɗe da tsumman buhu, na ɗaure tam, na yayyafa masa ruwa. Har daɗi na ji da na ga hannuna bai manta ba. Na tura shi bayan ƙofa. Na san gobe Inna za ta kai kaya kasuwar Arzèkè ta Parakou, amma na ce wa zai leƙa bayan ƙofa?

Talata da sassafe na koma Kolokondé da lafiyayyen batir na kai wa mai ɗinki. Na zagaya sauran gidaje, har na zauna cin sakwara da aka matsa mini. Rana ta ɗaga sosai na fito wajen wata bishiyar kaɗanya da ke kan tudu, inda mutanen garin ke zuwa neman rezo. Ina isa waya ta hau ruri. Madam ce, kuma ta kira ya fi a ƙirga.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "'Yar Djougou, batirinki ɗaya yana tafiya a kan gudron, wato kwalta, ya nufo Parakou. Kina tare da shi?"

Na ce, "A'a Madam, ina Kolokondé. Yana gida."

"Ba ya gida. Ina ganinsa a nan. Kuma zafin da yake nuna mini ban taɓa ganin irinsa ba. Faɗa mini gaskiya, ya faɗi ne?"

Na faɗa mata. Da na zo wajen ganye da ruwa sai ta katse ni. Ta ce, da wata murya a hankali, "Saurare ni da kyau. In ya fashe daga ciki ruwa yana shiga, ganyen kuma ya hana zafin fita. Irin wannan ba ya yin hayaƙi ya ba mutum lokaci. In ya tashi, tashi ɗaya yake yi, kuma ruwan buta ba ya kashe shi. Wa ya ɗauke shi?"

Na kira Yaya. Yana tasha, ina jin hayaniya a bayansa. Na ce, "Yaya, ƙaramin huhun da ke bayan ƙofa."

Ya ce, "Ai an loda shi. Inna ce ta gan shi da kanta."

"Yana saman mota?"

"A'a. Ta hana a ɗora shi sama. Ta ce a sa mata a gaba, wajen ƙafarta. Lafiya?"

Na san motar, tsohuwar bas ce da ke ɗaukar 'yan kasuwa, a cika ta har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya. Na san wurin zaman Inna, gaba kusa da direba, inda injin yake a ƙarƙashin kujera. Na san kuma direbobin hanyar nan ba sa rabuwa da jarkar fetur a bayan kujerarsu. Duk wannan ya zo mini a lokaci ɗaya.

Na kira wayar Inna, a kashe. Dama haka take, tana ƙulle ta a bakin zane, ba ta kunnawa sai in ita ce za ta kira, wai kada cajin ya zube. Sau nawa na yi mata tsiya a kan wannan, ni mai raba wa duniya caji. Yaya ya samo lambar direba. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, daga baya ma ta daina shiga. Na ruga wajen mai zem yana kishingiɗe a inuwa. Na ce, "Malam, tashi, hanyar Parakou." Ya dubi fuskata bai tambayi komai ba, ya ce, "Sai mun sha esansi a Djougou, Hajiya." Fetur yake nufi, na ce ya sha abin da zai sha.

Mutumin da ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ranar na ga gudunsa. Muka ratsa taɓon Kolokondé, muka wuce Djougou ban ko kalli unguwarmu ba, muka hau kwalta. Iska ta fizge mayafina na bar shi. Duk addu'ar da na iya na karanta, wasu na fara su daga tsakiya, wasu na kasa ƙarasawa. Idona yana gaba, ba hanya nake kallo ba, sama nake kallo, ina neman baƙin hayaƙi. Duk inda manomi ya tara ciyawa ya sa wuta sai numfashina ya tsaya har mu zo mu wuce. Wani wuri muka hango mutane sun taru a gefen hanya, na ƙanƙame rigar dattijon nan har ya ce, "Hajiya, sake ni kada mu faɗi, doya suke lodi."

Abin da ya fi cin raina a kan babur ɗin nan shi ne maganar ƙarshe da na yi da Inna. Da asuba ta ce in tsaya in sha koko, na ce ina sauri, ko juyowa ban yi ba. Na riƙa cewa ya Allah kada wannan ta zama ita ce ta ƙarshe.

Mun yi nisa waya ta sake ƙara. Na sa ya tsaya. Madam ta ce ta taso daga Parakou a kan babur, da shebur da bargon kashe wuta. Sai ta ce, "Amma ya ɓace mini. Ba na ganinsa kuma."

Na ce, "Rezo ne?"

Ta ce, "Wataƙila rezo ne." Yadda ta faɗe shi na gane ɗayan wataƙilar da ba ta faɗa ba. Ta ce, "Motoci irin wannan sun cika hanya, duk da tamfol a sama. Ban san wacce zan tare ba. Ki yi tunani, ina za su tsaya?"

Na dubi rana, ta kusa karkata. A nan ne kaina ya ɗan dawo. Tun ina yarinya nake bin Inna wannan hanya, kuma ba a taɓa yin tafiyar da ba ta tsayar da mota a wuri ɗaya ba. Kafin a kai gadar Bétérou akwai wani ɗan masallacin ƙasa da ya ja baya daga titi, da mangwarori a gabansa da rijiya a bayansa. Nan 'yan goro ke sauka tun zamanin kakanni, su yi azahar, su shayar da kaya. Direban da ya ƙi tsayawa ba ya ƙara ganin lodin gidanmu. Na kwatanta wa Madam, waya tana yankewa. Ina cikin kwatancen sai abin da nake faɗa ya shiga kunnena: su shayar da kaya. Inna za ta sauke huhun nan ta ƙara masa ruwa da hannunta.

Ban san yadda muka ci sauran hanyar ba. Na dai tuna mun sauka daga kwalta mun kutsa tsakanin mangwarori, sai ga bas ɗin a bayan masallaci, lafiyarta ƙalau, tamfol a kwance. Maza suna ciki suna salla, mata sun baje a inuwa suna cin abinci. Can kusa da tayar gaba na hango Inna a tsugune, ƙaramin huhun a gabanta, buta a hannunta. Tana zuba ruwa a tafinta tana yayyafawa a hankali, yadda take yi tun kafin a haife ni. Wani siririn tururi yana tashi daga tsumman.

Na diro babur bai gama tsayawa ba. Ta ɗago ta gan ni, ba mayafi, taɓo har gwiwa. Ta ce, "'Yar nan, daga ina? Zo ki ga, goron nan naki zazzaɓi yake yi, tun Djougou yake gasa mini ƙafa."

Wani wari ya buge ni, mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai, ga wata 'yar ƙara daga ciki kamar ana soya abu a nesa. Ban yi mata bayani ba. Abin da ban taɓa yi ba a rayuwata na yi, na kama kafaɗar mahaifiyata na ture ta gefe har ta zauna a ƙasa. Na cafki jelar igiyar na naɗe a hannu na fara ja. Tsakanin huhun da tankin motar bai fi taku biyu ba. Na ja shi a ƙasa da baya da baya, ina ihu kowa ya matsa. Igiyar ta yi zafi, tana cin tafina, ina jin fata tana tafiya amma na kasa saki. Sai na ji muryar Madam a bayana, ashe ta wuce wurin sau biyu, ihuna ne ya jawo ta. Ta ce, "Kada ki ɗaga shi. Ja shi wajen yashi. Ya isa, saki, gudu."

Na saki, ta fizge ni. Ba mu kai ga rijiya ba ya tashi. Ba irin wutar da na sani ba ce. Fara ce, tana huci, tana feshi ta gefe, ta lafa kamar ta mutu sai ta sake tashi fiye da da. Ganyen da na shimfiɗa da hannuna ya zama toka kafin in ƙifta ido, reshen mangwaron da ke sama ya babbake. Maza suka fito daga masallaci a guje, wani ya ɗauko guga, Madam ta tare shi ta ce kowa ya tsaya nesa, kada a shaƙi hayaƙin. Muka tsaya muna kallo har ya cinye kansa, sannan ta bi shi da yashi shebur bayan shebur. Direba ya dubi wutar, ya dubi kujerar gaban motarsa, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Akwai mace mai goyo a cikin fasinjojin, har yau ina ganin yadda ta juya bayanta ta rungume jaririn.

Inna tana zaune inda na ture ta, butar tana gefe ruwan yana tsiyaya. Na je na durƙusa a gabanta. Na fashe da kuka. Ba ta zage ni ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kama hannuna ta juya shi ta ga yadda igiya ta yi masa, ta yage bakin mayafinta ta ɗaure mini. Ta tashi ta yi alwala ta yi azahar ɗinta, ta daɗe a sujada.

Ranar Alhamis na je taro a Ganou da hannu a naɗe, na riga na sallama aikin. Na miƙe a wurin da na taɓa buga ƙirji na faɗi komai, har da cewa na san ɗakin goro ba ya kama rezo. Sai wata 'yar'uwar aikinmu ta ɗaga hannu a hankali ta ce ita ma nata ya taɓa yin zafi, ta tura shi gindin randa inda ƙasa ke da laima. Wata ta ce ita jiƙaƙƙen tawul ta rufa wa nata. Mu huɗu muka fito a ranar, kuma ba wadda ta danna ja, kowacce tana tsoron kada a ce matan da ba su yi boko ba sun kasa. Madam ta dube mu. Ta ce, "Kun yi laifi da kuka ɓoye. Mu ma mun yi namu. Mun koya muku wayoyi da maɓallai, ba mu taɓa tambayarku me hannunku ya saba yi in abu ya yi zafi ba." Aka yi muhawara mai zafi, wasu ba su so a bar ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. A ƙarshe aka dakatar da ni wata guda. Ba a rufe Kolokondé ba, akwatin katako mai soso aka yi wa batiran saboda hanya. Aka kuma yanke cewa duk wadda ta danna ja, a taro godiya za a yi mata. Da na dawo aka sa ni na ɗauki murya da Hausa da Dendi, ita ce har yau ke fitowa a wayar duk macen da aka ba batir: in ya yi zafi kada ki rufe shi, kada ki ba shi ruwa, fitar da shi fili kan yashi, ki danna ja.

Amma ba a Ganou aka yi mini hukuncin da ya zauna mini ba. Kwana uku Inna ba ta tayar da zancen ba. A na huɗu, da hantsi, ina zaune a ƙofar ɗakin goro tana canza mini ƙyallen hannu, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ke damuna. Na ce, "Inna, me ya sa ba ki bari an ɗora shi sama da sauran ba?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗaurinki na gani. Sau biyu ta hagu." Ta ci gaba da naɗa ƙyallen. "Shekara biyu ban ga ɗaurin nan a ɗakina ba. Na ce yarinyar nan ta dawo ta ɗaura mini goro, kunya ta hana ta faɗa. Shi ya sa na ce ba mai taka mini shi a saman mota."

Tafiyar awa nawa tana jin yana ƙona mata ƙafa, ba ta matsar da shi ba, don ta ɗauka kyautata ce.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da fatar hannuna na saye shi. Sabon abu in ya shigo gida, tsohon hannu ne zai karɓe shi, don haka wanda ya kawo shi ya tambayi abin da hannun ya saba, mai karɓa kuma kada kunya ta hana ta cewa ban sani ba. Kuskuren da na ɓoye don kare mutuncina kuwa bai tsaya a bayan ƙofar da na tura shi ba, wanda ya fi kowa yarda da ni ne ya ɗauke shi ya ajiye a ƙafarsa. Har yau ina kai batir Kolokondé, na danna ja ya fi sau goma ban ji kunyar kowa ba. Ranar Litinin da la'asar kuma, in na dawo, nakan shiga ɗakin goro in ɗaure wa Inna ƙaramin huhu guda, sau biyu ta hagu. Kafin in ja igiyar nakan buɗe ganyen in nuna mata abin da ke ciki.